Zaure da Sallama: Haddin Bincike a Shari'a da Al'adar Mutanen Ringim

Ringim gunduma ce ta ƙasar Kano har zuwa shekarar 1991, lokacin da aka kafa Jihar Jigawa da hedkwatarta a Dutse, aka kuma ɗaukaka garin ya zama masarauta mai riƙe da Ringim da Taura da Garki da Babura. Layin dogo na Kano zuwa Nguru, wanda aka gama a 1930, ya jawo wa garin baƙi da 'yan cinikin gyaɗa masu yawa. Amma duk yawan baƙin nan, ba su rushe wata ƙa'ida da mutanen garin suka gada ba, watau cewa iyakar baƙo zaure.

Wanda ya lura da ginin gidan gargajiya a Ringim zai ga ba a daidaita ƙofar zaure da ƙofar shigifa, domin kada idon mai wucewa ya zarce cikin gida. Namiji baligi in ya zo, sai ya yi sallama daga waje, ko ya aiki yaro ya ce ana sallama da maigida. Maginin da zai hau soro yaɓe gabanin damina kuwa ya kan sa a sanar da maƙwabta tukuna, don mata su kintsa.

Wannan tsari yana da tushe a Shari'a. Aya ta 27 da ta 28 cikin Suratun Nur sun hana shiga gidan wani sai da izini da sallama, sun kuma umurci wanda aka ce wa ya koma da ya koma. Aya ta 58 ta sa wa yara da barorin gida lokatai uku na neman izini: kafin sallar asuba, da lokacin ƙailula, da bayan lisha. Cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito cewa neman izini sau uku ne, in ba a amsa ba sai a juya. Aya ta 12 cikin Suratul Hujurat kuwa ta jera laifi uku bi da bi: mugun zato, da bin diddigi, da giba. Jerin nan yana da hikima, gama zato shi ke tura mutum laɓe, abin da ya jiyo a laɓe kuma shi ya ke bazawa a dandali.

To, a nan ne tambaya mai wuya ta ke. Musulmi an umurce shi da hani ga mummuna. Ƙaƙa zai hana abin da aka hana shi bincikawa? Malaman fiƙihu sun amsa da cewa hisba tana kan abin da ya bayyana ne kawai. Al-Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya ce muhtasibi ba shi da ikon tona abin da aka ɓoye, sai fa in amintaccen mutum ya ba shi labarin ɓarnar da ba ta gyaruwa in ta auku, kamar wani ya keɓe da wani zai kashe shi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo labarin Sayyidina Umar, da ya haura katangar wani ya same shi cikin saɓo. Mutumin ya nuna masa cewa shi laifi ɗaya ya yi, amma Halifa ya yi uku: ya yi bincike, ya shigo ba ta ƙofa ba, bai kuma yi sallama ba. Umar ya karɓi hujjar, ya bar shi bisa sharaɗin tuba.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi wannan tafarki. A farkon littafinsa Ihya'us Sunna ya bayyana cewa nufinsa rayar da sunna ne, ba keta suturar mutane ba. Ya kuma yi rubuce-rubuce da yawa yana tsawata wa ɗaliban tauhidi na zamaninsa, waɗanda su kan titsiye talakawa da tambayoyi, in sun kasa amsawa su kafirta su. A wurin Shehu, zahirin Musulmi ya isa, zuciyarsa kuwa sai Allah.

Tun da Jihar Jigawa ta ƙaddamar da Shari'a a shekarar 2000, aikin hisba ya sake fitowa fili, tsohuwar tambayar kuma ta dawo da ita. Har wa yau ga wayar salula, wadda ta tattara asirin mutum duka, alhali ba ta da zaure balle shigifa. Mai buɗe wayar ɗan'uwansa ba da izini ba, da mai naɗar muryar wani a ɓoye ya watsa ta WhatsApp, hukuncinsu ɗaya da mai haura katanga. Ɓarnar ma ta fi, domin abin da ya shiga wayoyi dubu ba ya gogewa. Aure kan mutu a kansa, yarinya ta rasa manema, ko da daga baya an gane ƙarya ne. Saboda tsare irin wannan ne Shari'a ta nemi shaidu 4 ga tuhumar zina, ta yanka bulala 80 ga wanda ya yi ƙazafi ya kasa kawo su. Dokar ƙasa ma ta dace da haka: sashe na 37 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya kare sirrin gida da wasiƙa da maganar waya.

Wannan ba ya nufin a yi shiru ga zalunci. Kukan matar da a ke duka ko na yaron da a ke cuta, in ya tsallako katanga, ya zama bayyananne, kai ɗauki kuma wajibi ne. Abin da aka hana shi ne nemo laifin da mai shi ya rufe. Hausawa sun ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Allah ya rufa asirin bayinsa, amin.