Targaɗen Idon Sawu: Wane Ɗauri Ya Dace?

A fadamun Makarfi da Kudan, inda ake ɗauko damin rake a ka ana tsallake kunyoyi, da gonakin tumatir na Ikara, da filayen ƙwallon unguwa, targaɗen idon sawu ba baƙon abu ba ne. Galibi tafin ƙafa ne ke lanƙwashewa ciki, sai jijiyoyin da ke riƙe gaɓar ta gefen waje su ɗame fiye da ƙima ko su yage.

Kafin a garzaya kemis sayen bandeji, a fara tabbatar da cewa ba karaya ba ce. A 1992 likitoci a birnin Ottawa na Kanada suka fitar da ƙa'idar da asibitoci ke bi har yau: wanda ya kasa yin taku huɗu da ƙafar, ko ya ji zafi idan an danna bayan ƙashin idon sawun, sai an yi masa hoto. Irin wannan babban asibitin Ikara ko na Makarfi ya kamata ya nufa. In abin ya yi tsanani, akwai Asibitin Koyarwa na Shika da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Idan targaɗe ne zalla, kayan ɗauri sun kasu. Bandeji mai talewa da safa mai matsewa suna taimakawa wajen kumburi, amma ba su hana ƙafa sake gurɗewa. Wanda ke riƙe gaɓa sosai shi ne mai igiya da ake zargewa kamar takalmin ƙwallo, ko mai tauri a gefe biyu. Yana barin ƙafa ta motsa sama da ƙasa, ya hana ta karkata gefe. Akan sa shi mako 4 zuwa 6, bisa safa, cikin takalmi rufaffe, a kuma zaɓi daidai girman ƙafa.

Babban haɗarin ɗauri shi ne tamkewa. Da zarar yatsu sun yi sanyi, ko sun sauya launi, ko sun fara mutuwa, a kwance nan take, domin jini ne ya daina isa. Ɗauri mai tsanani, na mai ɗori ko na gida, ya sha jawo yanke ƙafa. A kwana biyun farko kuma a guji gashi da ruwan zafi da murza da man zafi. A naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, a ɗaga ƙafar bisa matashi.

Ɗauri shi kaɗai ba ya mayar da ƙarfin gaɓa. Da zafi ya lafa, a riƙa juya ƙafar a hankali, a riƙa gwada tsayuwa a kanta ita kaɗai, a ci gaba da sa abin ɗaurin na wasu watanni lokacin ƙwallo ko ɗaukar kaya. Wanda ya yi mako guda bai ga sauƙi ba, ya tafi asibiti kada ya tsaya jira.