Injin zarto mai tebur: yadda ake daidaita shi da zaɓen faifan da ya dace a arewacin Kamaru

Yawancin katakon da kafintocin Garwa ke aiki da shi ba a arewa ake sare shi ba. Ayous da sapelli da iroko daga dazuzzukan kudu da gabashin Kamaru suke fitowa. Jirgin ƙasa kan kawo su Ngaundere, inda layin dogo ya ƙare, daga nan manyan motoci su ɗauka zuwa Garwa da Marwa, har Kusseri da Njamena. Wannan doguwar tafiya tana da nasaba da yatsun mai yanka. Katakon da ya baro damshin kurmi ya shigo iskar hunturu da zafin Maris da Afrilu, wanda kan haura digiri 40, bayansa kan bushe kafin cikinsa. Idan aka tsaga shi sai ya motsa: ko ya buɗe, ko ya matse faifan zarton.

Idan ya matse, haƙoran bayan faifan, waɗanda ke tasowa sama, sukan ɗaga katakon su harbo shi kan mai aiki, wani lokaci su ja hannunsa zuwa kan faifan. Faifai mai faɗin milimita 250 da ke juyawa sau 4,000 a minti ɗaya, bakin haƙoransa na gudun kusan kilomita 190 a awa. Babu mai zafin naman da zai kauce wa wannan. Shi ya sa kariyar take cikin gyaran da ake yi kafin a kunna injin.

Matakai huɗu na daidaitawa

Da farko a cire wayar daga wuta gaba ɗaya. Kashe makunni kawai bai isa ba.

Na ɗaya, faifan ya tsaya cak a kan teburin. A jingina sikwaya da jikin faifan, tsakanin haƙora biyu, a tabbatar babu haske a tsakani. A juya shi da hannu. Idan yana rangaji, a duba ko datti ya maƙale a farantan da ke riƙe shi, ko kuma bearin sandar ya ci.

Na biyu, sandar jagora, wadda katako ke bi, ta yi daidai da faifan. A sa wa haƙori ɗaya alama da alli, a auna tazararsa da sandar a gaba, a juya wannan haƙorin zuwa baya a sake aunawa. Awon biyu su zo ɗaya. Idan bayan ya fi matsewa, ko da rabin milimita ne, katako zai maƙale, gefensa ya ƙone.

Na uku, wuƙar rabawa, wadda ake kira couteau diviseur a shagunan kayan aiki. Ƙarfe ne mai lanƙwasa da ke tsaye a bayan faifan, yana hana tsagar rufewa. Kaurinsa ya fi na jikin faifan, amma kada ya kai faɗin tsagar da haƙora ke yi, kuma tazararsa da haƙoran ta kasance tsakanin milimita 3 zuwa 8. Injinan da masu walda ke haɗawa a gida da mota da bel sau da yawa ba su da ita. Wanda ya haɗa teburin zai iya ƙara ta, kuma ga mai tsaga ɗanyen katako babu ƙarin da ya fi ta amfani.

Na huɗu, tsayin faifan. Haƙoran su leƙo saman katakon da kamar milimita 5, a kuma bar murfin kariya a kansa.

Wane faifai, ga wane aiki?

Yawan haƙora ne ke raba aiki. A faifai mai milimita 250, mai haƙora 24 shi ne na tsaga katako a tsawonsa, domin manyan ramukan da ke tsakanin haƙoran suna kwashe ɗusa da sauri. Mai haƙora 60 zuwa 80 na yanka a gicciye ne, da kuma filawud, wato contreplaqué. Mai 40 zuwa 48 yana taɓa duka biyun. Wanda ya sa mai haƙora 80 ya tsaga sapelli mai kauri zai ga hayaƙi, ya ƙara ƙarfin turawa, kuma a nan hannu ke zamewa.

Irin itacen ma abin dubawa ne. Ayous na da laushi. Iroko kan ɓoye dunƙulen ma'adini mai tauri kamar dutse, wanda ke dakusar da haƙora. Maɗaci da ƙirya na savana suna da tauri, ga yashi a ɓawonsu. Ga irin waɗannan, faifai mai haƙoran kabaid ya fi na ƙarfe zalla daɗewa. Tsohon katako kuwa a bincika shi saboda ƙusa.

Kafin a biya kuɗi a karanta abu biyu a jikin faifan. Ramin tsakiya, wanda galibi milimita 30 ne a injinan Turai, dole ya zauna daram a kan sandar injin. Sai iyakar juyawar da aka rubuta. Motar lantarki mai gudun kusan 2,850 a minti, idan fulinta milimita 150 ne, na sandar faifan kuma 100, faifan zai juya fiye da sau 4,200. Faifan da ya tsage ko ya rasa haƙora a jefar da shi. Ba a yi masa walda.

Wutar lantarki da jikin mai aiki

Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar ruwa ta Lagdo a kan kogin Binuwai, kuma idan ruwa ya ja baya da rani, ɗaukewar wuta kan yawaita. Injin da aka bari a kunne zai tashi da kansa idan wuta ta dawo, wataƙila yaron shago na share ɗusa a bakinsa. Maganin shi ne makunni mai maganaɗisu, wanda ba ya tayar da inji sai an sake danna shi.

Mai yanka ya tsaya a gefe, ba a saitin faifan ba. Katako mai ƙarancin faɗi a tura shi da sandar turawa, hannu ya yi nesa da haƙora da aƙalla santimita 15. Kada a yanka komai ba tare da jagora ba. Babbar riga, hannun jallabiya da safar hannu duk faifai na iya fizgarsu. Ƙurar iroko tana sa ƙaiƙayi da sarƙewar numfashi, don haka a rufe hanci, a sa tabarau da abin toshe kunne.

Maigidan shago shi ke da alhakin yaran da iyayensu suka ba shi amana. Kada yaro ya taɓa makunni sai ya iya waɗannan awo huɗu da kansa, a gaban maigidansa, injin kuma a kashe.