Sabuwar Sista a Ɗakin Haihuwa

Da wuya ka zauna cikin matan da suka haihu a asibitin gwamnati ba ka ji labarin wata sista mai masifa ba. Ta daka tsawa, an kira ta ta ƙi zuwa, ko ta bar mace tana murƙususu ta wuce wani gadon. Wasu labaran gaskiya ne, kuma babu gajiyar da ta halatta zagin mai naƙuda, balle marinta. Sai dai wadda ta wuce wani gadon sau da yawa yarinya ce da ba ta daɗe da karɓar lasisi ba, kuma aikin da aka ɗora mata ko a lissafi ba ya fita.

Ga abin da aka koya mata a makaranta. Idan naƙuda ta kankama, duk rabin sa'a za ta saurari bugun zuciyar jariri na tsawon minti guda. Za ta ɗora tafin hannu a kan cikin uwar har minti 10, tana ƙirga sau nawa ciwon ya taso da kuma daɗewarsa. Duk sa'a 4 ta duba buɗewar bakin mahaifa, ta auna jini. Kowane ɗaya sai ta rubuta shi a takardar bin diddigin naƙuda, domin a nan ake gane wadda haihuwarta ta tsaya tun kafin ta zama doguwar naƙuda. To mace ɗaya ta cinye sama da minti 10 cikin 30. Mata uku sun cinye rabin sa'ar kaf, ba a yi maganar ɗaura ruwa, neman safar hannu, ko amsa wa dangin da ke buga ƙofa ba. A Ingila ƙa'idar ita ce ungozoma ɗaya ga mace ɗaya idan naƙuda ta kafu. A nan, daren da mata shida suka zo, da hannun da ke akwai za a yi.

Da zarar ɗaya ta fara nishi, sauran sai haƙuri. Yanzu duk minti 5 ake sauraron jariri. Kai ya fito, ta shafa wuya ko cibiya ta naɗe. Jariri ya faɗo bai yi kuka ba, minti ɗaya take da shi ta goge shi, ta motsa shi, in bai numfasa ba ta sa masa robar hura iska. A cikin wannan mintin dai ake so uwar ta samu allurar da ke sa mahaifa ta tsuke. Mutum biyu ne a gabanta, kowannensu na iya tafiya, hannu kuwa biyu ne. Sannan mabiyiya, sannan ɗinki idan an yi ƙari, wani lokaci da fitilar waya a baki saboda an ɗauke wuta.

Jini shi ne abin da ke hana sabuwar sista barci ko ta koma gida. Idan ya kai rabin lita an shiga haɗari, amma ido ba ya auna jinin da zane da katifa suka shanye. Wani bincike da aka fitar a 2023, wanda aka yi a asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororinsa, ya nuna cewa shimfiɗa leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai jego, tare da ba da magungunan gaba ɗaya ba ɗaya bayan ɗaya ba, ya rage mummunan zubar jini da kusan kashi 60 cikin 100. Dabara ce mai araha. Amma ledar ba ta ihu. Sai an samu mai leƙa ta.

A da, irin wannan ido a wurin manya ake samunsa. Babbar sista tana jin sautin nishi daga nesa ta san wadda ta kusa, tana ganin kumburin fuska da ciwon kai ta san jijjiga na tafe. Irinsu ne Ingila da Saudiyya suke ɗauka. A 2024 magatakardan majalisar da ke kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa, Faruk Abubakar, ya ce sama da ma'aikatan jinya 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara 3. Ni ban ga laifin wanda ya tafi neman abin da zai riƙe iyalinsa ba. Abin da na gani shi ne yarinyar da ya kamata tana bayan wata tana koyo, ita ce yanzu ake kira idan abu ya rikice. Shirin tura ungozoma karkara da aka fara a 2009 ma, sababbin da suka gama makaranta na cikin waɗanda aka dogara da su.

Mu ma muna ƙara mata kaya. Mace ba ta taɓa zuwa awo ba, ta kwana biyu tana fama a gida, an ba ta jiƙe-jiƙe, sai da ta galabaita aka kawo ta tsakar dare babu kati. Aka ce a kawo jini, mazan suka fara kallon juna. Aka ce sai tiyata, maigidan da zai sa hannu ba ya gari. Duk wannan jiran a kan sista yake ƙarewa, kuma idan aka rasa rai sunanta ne a takarda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan 82,000 suka mutu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya.

Gari ya waye ba tashi za ta yi nan take ba. Sai ta cike rajistar haihuwa, ta wanke almakashi da sauran kayan aiki, ta bi gado-gado tana miƙa wa mai karɓarta bayanin kowace mace. Idan mai karɓar ba ta zo ba, ba a rufe ɗakin haihuwa, ita ce za ta zarce.