Idan Kwamfuta Ta Ƙi Ganin Sabon Faifai

Na'urar faifai ta kwamfuta tana iya kunna fim ko karatun Alƙur'ani da aka saya a kasuwa lafiya lau, amma da an saka mata sabon faifai marar komai, wanda 'yan kasuwa ke kira emti, sai ta yi ta juyi tana ƙara, can sai allo ya nuna a saka faifai alhali yana ciki. Matsalar ta fi ciwo a wurare irin Randagi da sauran garuruwan yammacin Birnin Gwari, inda mai gyara ba ya kusa, kuma ba wanda zai hau hanyar Kaduna saboda ƙaramin dalili. Memori da filashi sun ƙwace kasuwar faifai, amma har yanzu akwai masu son bidiyon biki ko wa'azi a faifai don kunnawa a gida, kuma rufe layukan sadarwa da aka yi a yankin a ƙarshen 2021 ya nuna cewa abin da ke hannu ya fi wanda ke intanet tabbas.

Emti ya fi faifan kasuwa wahalar gani. Faifan da kamfani ya buga, irin wanda Philips da Sony suka fito da shi a 1982, yana ɗauke da ƙananan ramuka da aka danna a jikin roba, kuma yana mayar da haske sosai, don haka ko idon na'ura mai rauni yana karanta shi. Shi kuwa emti rini ne aka shafa masa a ciki, da wani siririn layi da ke zagaye daga tsakiya zuwa baki. A cikin layin nan kamfani ya ɓoye bayanin faifan: wanda ya ƙera shi, girmansa, da saurin da ya dace a rubuta masa. Sai na'ura ta karanta wannan bayani mai laushi kafin ta yarda akwai faifai, sannan ta ƙara ƙarfin hasken leza ta ƙona rinin. Shi ya sa idon da ya fara gajiya yake fara kasawa a kan emti tun kafin ya kasa a kan fim.

Bincike yana farawa daga abu mafi arha, wato faifan kansa. Rinin ba ya jure rana da zafi, kuma faifan da ya daɗe a teburin mai talla ko a bayan gilashin mota yana iya lalacewa ba tare da ko ƙarzane ɗaya ba. Gwada guda biyu daga ƙunshi ɗaya ba ya tabbatar da komai, domin tare suka sha ranar. Na wani kamfani dabam ake nema. Idan akwai yatsa ko ƙura a jiki, ana gogewa da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba.

Sai kuma irin na'urar. Da yawa daga cikin tsofaffin kwamfutocin da ake shigowa da su na hannu suna da na'urar da karatu kawai take yi, ko wadda ke rubuta CD amma DVD sai dai ta karanta. Rubutun da ke bakin tiren yana faɗin gaskiya: DVD-ROM ba ta rubuta DVD, sai mai alamar RW a gefen DVD. Akwai kuma rabuwar kai tsakanin kamfanoni. Pioneer ya fito da DVD-R a 1997, wata ƙungiyar kamfanoni ta biyo da DVD+R a 2002, kuma wasu tsofaffin na'urori ɗaya kaɗai suka sani. Mai sayarwa ba kasafai yake bambanta mai alamar ragi da mai alamar ƙari ba, tunda duk gigabait 4.7 suke ɗauka. Mai hawa biyu, na gigabait 8.5, shi ma yana buƙatar na'urar da aka yi dominsa.

Idan faifai da na'ura sun dace, sai a dubi manhaja. Wani lokaci ba matsala ko kaɗan: kwamfuta ta ga faifan, ta nuna ba komai a ciki, wanda kuma gaskiya ne. Windows XP ba ta rubuta DVD da kanta, sai an ɗora mata manhaja irin Nero. A sababbin Windows, cire na'urar daga Device Manager a sake kunna kwamfutar yakan sa ta gane ta daga farko. Manhajojin rubuta faifai biyu ko uku a kwamfuta guda suna yawan taka wa juna ƙafa, kuma wadda aka goge takan bar saura a rajistar Windows. Share wannan saura aikin wanda ya ƙware ne, domin kuskure ɗaya a wurin yana iya hana kwamfutar tashi.

A ƙasar Hausa, babban abin zargi shi ne ƙura. Idon na'urar bai kai ƙwayar wake ba, kuma hunturu ɗaya a shagon da ke bakin titi ya isa ya dusashe shi. A laftof abin da sauƙi, don idon yana fitowa tare da tire: a kashe kwamfutar, a ɗan jiƙa audugar kunne da sifirit mai tsabta, a shafa a hankali ba tare da dannawa ba, a bari ya bushe. Idon yana rataye ne a kan wayoyi siraran gaske, kuma hannu mai nauyi yana karkatar da shi har abada. Hura shi da baki danshi yake ƙara masa. Wuta ma tana da nata laifin, musamman ga na'urar waje mai igiyar USB: rubutu ya fi karatu cin wuta, kuma ramin USB ɗaya ba lallai ya ishe ta ba, shi ya sa wasu ke zuwa da igiya mai kai biyu.

Gwajin ƙarshe shi ne kwatanta CD da DVD. Kowannensu da fitilar lezarsa a cikin na'urar, ta CD mai tsawon zango nanomita 780, ta DVD 650, kuma ɗaya tana iya mutuwa ta bar ɗayar. Idan na'ura tana ganin emtin CD na megabait 700 amma ta ƙi kowane irin DVD, bayan an goge ido an kuma sauya manhaja, to fitilar DVD ce ta ƙare. Wasu masu gyara sukan murɗa wata 'yar ƙusa don ƙara mata ƙarfi. Takan farfaɗo na ɗan lokaci, sannan ta ƙone gaba ɗaya. A irin wannan hali, ya fi kyau a haɗa kuɗin mota da na gyara a yi saƙon wata na'urar mai igiyar USB daga Kaduna ko Kano, wadda za ta yi aiki a yawancin kwamfutoci.