Kotso: Daga Gindin Alilliba Zuwa Katin Waya

A ƙasar Bakura da Maradun da Talata Mafara ba a yi wa mutum bayanin kotso. Da shi Musa Ɗanƙwairo, haifaffen Ɗankadu ta ƙasar Bakura, ya gaji sana'ar ubansa Usman Ɗankwanda a fadar Maradun, har ya kai ga yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa. Da shi Sa'idu Faru ya yi wa Muhammadu Maccido hidima tun yana Sarkin Kudu. Ganga ce 'yar ƙarama mai siririn ƙugu, baki ɗaya a rufe, gindi a buɗe, kuma da tafi da yatsu ake kaɗa ta. Sai dai kafin ta iso hannun makaɗi, ta ratsa hannuwa da dama da ba a jin sunansu a waƙa.

Masassaƙi ne ke farawa. Shi zai shiga daji ya zaɓo ice, galibi alilliba, saboda ba ta da nauyi kuma tana karɓar gizago. Ba a sassaƙa ɗanyen gungume a gama nan take. Sai an ajiye shi a inuwa ya sha iska, don in rana ta busar da shi da gaggawa tsagewa zai yi. Daga nan a fitar da siffar waje, a rarake ciki. Nan ne gwaninta take. In bangon ya yi kauri murya ta toshe, in ya yi siriri faɗuwa ɗaya ta raba shi biyu, kuma babu ma'auni sai ƙwanƙwasawa da kunne. Abin da ya fito shi ake kira kango.

Rufi kuwa yawancin makaɗa ba sa yarda wani ya yi musu. Fatar akuya ake nema wurin mahauta, wadda wuƙa ba ta yi wa tabo ba wajen fiɗa, a jiƙa ta, a kankare gashi, a ɗinke ta a bakin kango, a ja ta da tsarkiyoyi zuwa gindi. Sai a gitta zaga, siririyar igiyar da ke ba kotso wannan 'yar karkarwa, a manna nake a tsakiyar fata don murya ta zauna. Da damina fata kan saki, sai an kara ta a gefen wuta kafin a tsaya gaban sarki. Da hunturu kuma ta yi tauri, tana iya fashewa ana tsakiyar waƙa.

Kango ɗaya yakan daɗe ƙwarai, fata kawai ake sauyawa, shi ya sa babu masassaƙin da kotso ke ciyarwa. Turmi da taɓarya da ƙota da allo su ne cefanen gidansa a ranar kasuwar Mafara. Kotso sai an yi sautu.

Shi ma makaɗi ba shi da farashi. Waƙar fada aikin jama'a ce: jagora ya kawo ɗan waƙa, 'yan amshi su karɓa su ƙara, sanƙira yana ta kwarzanta masu kyauta. Abin da aka samu, riga ce ko doki ko buhun hatsi ko kuɗi, shugaba ne ke rabawa gwargwadon muƙami, bayan an fitar da kuɗin mota da na abincin tawaga. Wata tafiyar a dawo da kujerar Makka, wata a dawo da bashin direba. Ba mamaki da mafi yawansu ba su taɓa sakin fartanya ba. Gidan su Ɗanƙwairo ma da kiɗan noma aka san su tun farko. Ga kuma rainin da ake yi wa maroƙi, wanda a kan yi rawa da waƙarsa amma a yi jinkirin ba shi aure.

Sai ga matsalar tsaro ta zo ta dami kowa. Dajin da ake saro ice ya zama wurin da ba a shiga da gatari a fito lafiya, biki ya ragu, tafiyar dare ta ƙare. A 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya, wato wurin sayen fata da hanyar gayyata suka tafi lokaci guda.

Muryar dai ba ta mutu ba. Ta bi Rediyon Kaduna, ta bi kaset, yau tana rumfar masu tura waƙoƙi a katin waya. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, har gobe ana cika wayoyi da waƙoƙinsa, kuma cinikin tsakanin mai rumfa ne da mai waya.

Wasu na ganin gauraya kiɗan gargajiya da na waje shi ke kashe shi. Ban yarda ba. A 1988 'yan ƙungiyar Ketama, masu kiɗan jita na filamenko a Sifaniya, sun zauna da Tumani Jabate, gwanin kora mai tsarkiya 21 daga Mali, suka fitar da faifan Songhai. Jita ba ta haɗiye kora ba, aka ma sake zama a 1994. Abin lura shi ne Tumani da kansa aka kira, da yatsunsa, sunansa kuma na jikin faifan.

A ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano kuwa, inda ake yi wa sarakuna da 'yan siyasa waƙoƙi irin na fada, fiyano ce ke kwaikwayon ganguna. Don a ɗauki kotso na gaske sai an kira mutane daga Maradun ko Faru, a biya mota ta Gusau da Funtuwa, a ba su masauki, a jira fata ta ɗumama. Mai situdiyo yakan yi wannan lissafin, sannan ya danna maɓalli.