Hutun ƙarshen mako daga Landan zuwa Faris da mai shan tabar Habana

Kimanin awa 2 da minti 20 jirgin ƙasa na Eurostar ke ɗauka daga tashar St Pancras da ke Landan zuwa Gare du Nord a tsakiyar birnin Faris. Tun watan Nuwamban 1994 yake zirga-zirga tsakanin biranen biyu, yana ratsa ƙarƙashin tekun da ya raba Ingila da Faransa ta wani rami mai tsawon kilomita 50, wanda kusan kilomita 38 daga ciki ruwa ne a samansa. Mutum zai karya kumallo a Landan ya yi sallar Azahar a Faris. Wannan sauƙi ne ya sa mutane da yawa ke tsallakawa ranar Juma'a su dawo Lahadi, kuma irin wannan gajeren hutu na raka kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya daɗe a Landan har ya yi ritaya a can.

Kawu yana da wata ɗabi'a da ke juya tsarin tafiya gaba ɗaya. Ba ya shan sigari, amma yakan sha tabar Habana, kara ɗaya bayan abincin dare, shi ma ba kullum ba. Ni ba na sha, sai dai zama kusa da shi ya sa na san kanta. Ganyen taba ne zalla, ba takarda, ba audugar tace hayaki. Ana tara ganyen ciki, a ɗaure shi da wani ganyen, sannan a naɗe duka da lafiyayyen ganye mai santsi, kuma masu daraja da hannu ake naɗa su. Mafi shahara daga yankin Vuelta Abajo na lardin Pinar del Río a Kyuba ganyensu ke fitowa, ko da yake Nikaragwa da Honduras da Jamhuriyar Dominika ma suna yin nasu. Sunaye irin su Partagás, wanda aka kafa a 1845, da Romeo y Julieta na 1875, da Montecristo na 1935, masu sha suna ambatonsu kamar sunayen dangi.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne lokaci. Mai sigari yakan laɓe a lungu minti biyar ya gama. Kara ɗaya matsakaici na tabar Habana yana cin minti 45 zuwa awa guda, dogo kuwa, irin wanda aka laƙaba wa sunan Winston Churchill, yakan haura awa. Saboda haka mai shanta ba lungu yake nema ba, wurin zama yake nema, kuma a Turai ta yau wurin zaman ya yi ƙaranci.

A cikin jirgi babu maganar hayaki ko kaɗan, haka ma cikin tasha. Ingila ta hana shan taba a rufaffun wuraren jama'a tun 1 ga Yulin 2007. A St Pancras ake duba fasfo, jami'an Birtaniya da na Faransa duk a wuri ɗaya, don haka sai an iso da wuri, kuma da zarar an wuce shingen bincike babu fita. Mai fasfon Najeriya ko Nijar sai da bizar Schengen, izinin zama a Birtaniya bai wadatar ba. Duk da haka kawu ya fi son jirgin ƙasa a kan jirgin sama nesa ba kusa ba. Jakarsa tana saman kansa ko gefen ƙafarsa, ba wanda zai wurga ta cikin rumbun kaya, kuma daga tsakiyar gari ake tashi a sauka a tsakiyar gari.

Muna fita daga ramin ta ɓangaren Faransa, gonaki suna wucewa a guje, jirgi na tsala gudun da ya kai kilomita 300 a awa, sai kawu ya zaro wani ƙaramin akwati baƙi mai rufewa ruf ya buɗe mini. Kara huɗu ne a jere, da 'yar jakar takarda mai riƙe laima a gefe. Ya ɗauki ɗaya ya ɗan matsa shi tsakanin babban yatsa da manuni, ya kai kusa da kunne yana murzawa a hankali.

"Ɗana, in ka ji tana ƙara kamar karmami, ta bushe. In ta lotsa ba ta dawo ba, ta jiƙe."

Na ce, "Kawu, duk wannan hidima don ganye?"

Ya ce ganyen yana son laima kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, in ya rasa sai fatar waje ta tsage, ɗanɗano ya koma ɗaci. Ya mayar ya rufe, bai ƙara buɗewa ba sai dare.

Mun sauka, muka matsar da agogo gaba da awa ɗaya. Wanda ke kewar abincin gida ba zai sha wahala ba, domin daga Gare du Nord tasha biyu ce a layi na 4 na jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Château Rouge, unguwar da 'yan Afirka ta Yamma suka cika da shagunan kuɓewa da busasshen kifi da atamfa. Babban Masallacin Faris, wanda aka buɗe a 1926, yana tsallaken kogin Seine kusa da lambun Jardin des Plantes, kuma a gefensa akwai wurin shan shayin na'ana'a. Na lura kawu ba ya kusantar taba in yana da niyyar shiga masallaci, saboda warinta yana kama riga da gemu, kuma ba ya son ya cutar da na kusa da shi a sahu.

Inda ya fi ɗokin zuwa shi ne shagon À la Civette da ke titin Saint-Honoré, daura da Palais-Royal, taku kaɗan daga gidan tarihi na Louvre. Tun 1716 ake sayar da taba da wannan suna. A Faransa ba kowane kanti ke sayar da taba ba, sai masu lasisi, waɗanda ake gane su da jar alama mai tsini sama da ƙasa a bakin ƙofa, kuma farashi ɗaya ne ko'ina domin hukuma ce ke amincewa da shi. Harajin Birtaniya ya fi tsanani, shi ya sa mazauna Landan ke samun rangwame in sun tsallaka. A cikin shagon akwai ɗakin ajiya mai sanyi da ƙamshin katako. Kawu ya jima a ciki yana duba launin ganye, yana tambayar shekarar da aka cika kowane kwali, sannan ya sayi kaɗan.

Daga nan ne dokar Faransa ke shigowa. An hana hayaki a ofisoshi da tashoshi tun Fabrairun 2007, gidajen abinci da na shan gahawa suka biyo baya a Janairun 2008. Daga 29 ga Yunin 2025 kuma haramcin ya kai ga lambunan shaƙatawa, bakin teku, rumfunan jiran bas da kewayen makarantu, da tarar Yuro 135. Wato kyakkyawan lambun Palais-Royal da ke gaban shagon, mai kujeru da inuwa, ba wurin kunna taba ba ne yanzu. Yawancin ɗakunan otal ma an hana. Abin da ya rage shi ne kujerun da gidajen gahawa ke jerawa a bakin titi, sai kuma keɓaɓɓun ɗakunan hayaki da wasu manyan otal-otal ke da su.

A irin waɗannan kujeru muka zauna bayan Isha'i. Ya zaɓi teburin ƙarshe inda iska ke kwashe hayaki zuwa titi, ya nemi izinin ma'auratan da ke kusa, sai da suka gyaɗa kai sannan ya yanke kan tabar da 'yar guntuwar askarsa. Ya kyasta doguwar ashana yana juya bakin tabar a saman harshen wuta ba tare da ya taɓa ba, har ya yi ja zagaye. Zuƙa ɗaya a kusan kowane minti, ya riƙe hayakin a baki ya fesar, ba ya haɗiyewa. Toka ta yi tsawo kamar gaɓar yatsa kafin ta faɗi da kanta. Da ya gama bai murƙushe ta ba, ya ajiye ta mutu don kanta, domin murƙushewa ke tayar da wari. A wannan awa guda na ji labarin kakanninmu da ban taɓa ji ba.

Wannan hira ta yi mini daɗi, amma ba zan ɓoye wa mai karatu damuwata ba. Rashin haɗiye hayaki bai sa ta zama lafiyayya ba. Babban kara ɗaya yana iya ɗaukar ganyen da ya kai na kwalin sigari guda, kuma tana jawo sankarar baki da maƙogwaro da cutar dasashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe fiye da mutum miliyan 7 a shekara. Malamanmu da yawa sun haramta ta, wasu sun karhanta. Na faɗa wa kawu haka cikin ladabi, ya saurare ni har na kai aya, kuma ina roƙon Allah ya sa wata rana ya bari. Wanda bai fara ba, kada tsadarta da kyan kwalinta su ruɗe shi.

Wajen komowa, kwastan na Birtaniya sun yarda baligi ya shigo da kara 50 ba haraji, abin da ya haura sai an bayyana an biya. Tun ƙarshen Maris na 2022 kuma Faransa ta hana kunna na'urar ɗumama wuri a buɗaɗɗun kujerun waje, don haka zaman awa guda a bakin titi cikin Disamba azaba ce ga dattijo. Mai niyyar irin wannan tafiya ya sa ta tsakanin Mayu da Satumba, ya kuma sayi tikiti da wuri, domin kuɗinsa yana hawa ne yayin da ranar tafiya ke matsowa.