Makarantun Gwamnati Da Na Kuɗi A Kano: Abin Da Alƙaluma Ke Ɓoyewa

Duk lokacin da aka yi ƙidayar makarantu a Jihar Kano, akan raba su gida biyu: na gwamnati da masu zaman kansu. Sai mai karatu ya ɗauka ɗan talaka na can, ɗan mai hali na nan. Lamarin ya wuce haka.

Sunan "makarantar kuɗi" ya haɗa ta unguwar Nasarawa mai motocin jigilar ɗalibai da ta lungun Kurna ko Rijiyar Lemo, wadda gidan haya ne aka mayar da ɗakunansa azuzuwa. A ta biyun, 'ya'yan mai tireda ne da na mai Adaidaita Sahu, kuma galibi cunkoson ajin gwamnati ne ya koro iyayensu, ba yalwar aljihu ba. Da dama daga cikin irin waɗannan makarantu ba su da rajista, don haka ba sa shiga lissafi. Akasarinsu kuma a birni suke. A ƙauyukan ƙananan hukumomi 44 na jihar, sau da yawa babu ma zaɓin.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta tanadi karatun shekara tara kyauta kuma dole, Gwamna Abba Kabir Yusuf kuma ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024. Sai dai tun bayan cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin zango ya yi tashin gwauron zabo. Ma'aikacin da albashi ya gaza masa kan mayar da yaransa makarantar gwamnati. A takarda, adadin ɗalibai ya ƙaru. A aji kuwa, benci ɗaya ne aka ƙara wa mutum.